Yadda kumburin ƙwaƙwalwa ke rikita bugun zuciyar yara

A shekarar 1998, annobar ƙwayar cutar Enterovirus 71 ta hallaka mutane 78 a Taiwan, galibinsu yara ƙanana. Cutar kan fara da zazzaɓi da ƙuraje a baki da hannu da ƙafa, amma da yawa daga cikin yaran gazawar zuciya da huhu ce ta yi ajalinsu.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayar cutar kan kumbura tushen ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka. Daga nan ne ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Idan wurin ya taɓu, sinadarai irin su adrenalin kan kwarara fiye da kima, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, kana ruwa ya taru a huhu cikin 'yan sa'o'i.

Shi ya sa likitoci ke sanya ido kan bugun zuciyar irin waɗannan yara, domin sauyinsa kan riga tsanantar ciwon. Yawan zabura cikin barci, da amai, da zufa mai sanyi, alamu ne na a garzaya asibiti.

China ta amince da allurar rigakafin cutar a shekarar 2015.