Keso Guda: Sirrin Da Ke Cikin Lamba 20,000

Kafin zuwan sulalla da takardun kuɗi, da wuri ake ciniki a kasuwannin kwarin Rima, daga Wurno har Goronyo da Giyawa. Daga tsibiran Maldibs da gaɓar gabashin Afirka ake kawo shi. Masu ƙidaya sukan ja shi biyar-biyar da yatsu, su tara tsibi-tsibi, in ya kai 20,000 a ɗure shi cikin keso. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Keso guda dala takwas ke nan cif.

Me ya sa wannan adadi ya yi wa fatake daɗi? Amsar tana cikin ƙashin bayansa. Kowace lamba ana iya warware ta zuwa lambobin asali, waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, kamar 2 da 3 da 5 da 7. In aka warware 20,000, biyu za a samu sau biyar, da biyar sau huɗu, wato 32 sau 625. Daga nan masu lissafi ke gane cewa lambobi 30 ne ke raba ta ba saura. Rabinta 10,000, rubu'i 5,000, humusi 4,000, sumuni 2,500, ɗaya bisa arba'in kuwa, ma'aunin zakkar dukiya, 500.

Tun wajen shekara ta 100 miladiyya, masanin lissafi Nikomakus ya kasa lambobi gida uku, malaman Larabawa kuma suka bi sahunsa. A tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, cikakkiya ce, kamar 6 da 28 da 496. In ta gaza, mai giɓi ce. In ta zarce, mai rara. Masu raba 20,000 sun tashi 29,203, saboda haka mai rara ce. Amma ba murabba'i ba ce, wato babu lambar da za a ninka da kanta ta ba da 20,000: 141 sau 141 ya ba da 19,881, 142 sau 142 kuwa 20,164.

Inda keso ke gazawa shi ne gaban alƙali. Babu uku a jikinsa, don haka sulusi da sudusi na rabon gado ba sa fita daidai. Sulusinsa 6,666 ne, wuri biyu su yi saura. Sai an haɗa keso uku, 60,000, sannan lamarin ya daidaita: masu raba ta sun ninka zuwa 60, kuma 24, mafi girman asalin mas'alolin gado bakwai, ta shige ta sau 2,500.

Amfanin lamba, ashe, yana ga irin lambobin asalin da aka gina ta da su. Ɗalibin da ya iya warware su, ko miliyan nawa aka ɗora masa, zai faɗi abin da ke raba ta tun bai taɓa na'urar lissafi ba.