Daga jan-baki zuwa roka: Yadda ake kama hoton abu daidai lokacin da ya tashi

Da asubahin wata rana, lokacin da gero ya fara ido, na tsaya a bakin wata gona a yankin Malisa da ke ƙaramar hukumar Gwandu, wayata a hannu, ina jiran garken tsuntsayen jan-baki su tashi daga wata sarƙaƙiya. Na yi kusan rabin awa ina jira. Da suka tashi sai da sama ta yi duhu kamar hadari ya taso. Na danna maɓalli. Da na duba hoton, reshe ne tsirara da wani dishi-dishi a gefe.

Duk wanda ya taɓa gwada ɗaukar tsuntsu yana tashi ya san wannan takaicin. A wannan yanki na Kebbi kuwa, abin ya wuce sha'awa, domin hoton na iya zama hujjar manomi.

Me ya sa yatsa ke makara?

Daga lokacin da ido ya ga motsi zuwa lokacin da yatsa ya danna, mutum kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa. Waya ma tana da nata jinkirin. Ƙaramin tsuntsu kuwa ya riga ya bar reshe kafin nan. Shi ya sa gwanayen wannan sana'a ba sa dogara da saurin hannu. Suna fara ɗauka ne tun tsuntsun bai motsa ba.

Matsalar tsohuwa ce. A 1882 wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, don kawai ya ga yadda fiffike ke aiki. Wayar da ke aljihunka yau ta fi bindigar Marey sauri nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne sanin halin abin da za a ɗauka.

Darasi daga masu ɗaukar roka

Ba wanda ake bari ya tsaya kusa da roka idan za ta tashi, saboda wuta da ƙara. A sansanin Kennedy da ke Amurka, masu ɗaukar hoto kan je tun kafin lokaci su kafa kyamarorinsu kusa da wurin harbawa, su daidaita komai, su tafi. Na'ura mai jin sauti ce ke danna maɓallin da zarar injin ya yi ruri. Aikin duka an gama shi kafin tashin.

Irin waɗannan hotuna sun taɓa warware babban bincike. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu. Da aka koma kan hotunan da kyamarorin hukumar NASA suka ɗauka, sai aka ga baƙin hayaƙi yana fita daga wata mahaɗa a jikin rokar dama tun ba a cika daƙiƙa ɗaya da tashi ba. Wannan ya taimaka aka gano cewa sanyi ne ya sandarar da robar da ke toshe mahaɗar. Dubban mutane sun kalli tashin da idonsu, kyamara ce ta riƙe shaidar.

Nijeriya ba ta da wurin harba roka zuwa falaki. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk ta ƙasar Rasha aka harba shi a Satumbar 2003. Amma darasin ya shafi mai tsaye a bakin gona a Malisa ko a fadamar Kalgo.

Inda hoton ke da amfani ga manomi

Jan-baki shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, ana ƙiyasta yawansa da kimanin biliyan ɗaya da rabi. Nauyin ɗaya bai wuce giram 20 da wani abu ba, amma yakan ci kusan giram 10 na hatsi a yini. Garke mai tsuntsu miliyan biyu ke nan zai iya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Shinkafa, gero, dawa da alkama duk abincinsa ne. Shi ya sa a lokacin nunar amfani za ka ga yara da manya a gona tun duku-duku da gwangwanaye da majajjawa da igiyoyi, wasu yaran har makaranta suke rasawa.

Korar tsuntsu daga gona ɗaya tura shi gonar maƙwabci ne. Masu yaƙi da shi makwancinsa suke nema, wato ƙaya ko ciyawar bakin ruwa inda yake taruwa da dare, domin a can ake yin feshi da magariba. Jiragen feshin kan tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, amma matuƙi ba zai yi ta shawagi yana lalube ba, sai an nuna masa wuri.

Da rana garken a warwatse yake. Lokacin da ake ganin yawansa da ainihin makwancinsa shi ne sa'ar da ya tashi da asuba. Hoto ko bidiyo na wannan lokacin, mai ɗauke da rana da wuri, ya fi dogon bayani ƙarfi a gaban malamin gona. A kunna alamar wuri a kyamarar waya kafin ɗauka. A kuma sani WhatsApp kan goge wannan bayani idan aka tura hoto kai-tsaye, don haka a tura shi a matsayin fayil, ko a haɗa da taswirar wurin.

Yadda za ka shirya

Fara da iska. Tsuntsu, kamar jirgin sama, yana fuskantar iska idan zai tashi. Idan iskar na bugun bayanka, tsuntsun zai taso ta wajenka, ka samu fuska da buɗaɗɗen fiffike maimakon wutsiya. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka da safe ka tsaya gabas da tsuntsun, rana da iska duk suna bayanka. Da damina iskar kan juyo daga kudu maso yamma, sai yamma ta fi dacewa.

Sai ka koyi alamu. Tsuntsun da zai tashi yakan daina kiwo, ya miƙe wuya, ya juya ga iska, ya ɗan durƙusa. Da yawa sukan yi kashi kafin nan. Da ka ga haka ka fara ɗauka.

Ɗauki a jere. A yawancin wayoyin Samsung ana jawo maɓallin ɗauka ƙasa a riƙe, a sababbin iPhone kuma a ja shi hagu. Idan wayarka na da sashen Pro, sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/1000, ƙananan tsuntsaye kuma 1/2000. Da asuba haske kan yi ƙaranci ga wannan saurin, to sai ka sa garken tsakaninka da sararin sama, ya fito baƙi a kan haske, ko ka yi bidiyo ka ciro hoton daga baya.

Bar fili a gaban tsuntsun, ta inda zai nufa. Kada ka cika jawo hoto da yatsa, yana ɓata shi. Ka kuma fara koyo da manya masu nauyin tashi: balbela a bayan shanu, zalɓe a bakin ruwa, shamuwa a farkon damina, ko tantabarun gida.

Abin kiyayewa

Kada a jefi tsuntsu ko a tayar da mai kwanci a kan ƙwai don neman hoto. Kada a kusanci makwancin da aka yi wa feshi, kada kuma a ci tsuntsayen da suka faɗo, domin maganin guba ne, yana kashe har tsuntsayen da ba ruwansu. Mai son ɗaukar jirgi yana tashi kuwa ya nemi izini, filin jirgi wuri ne na tsaro.

Kwana biyu bayan hoton reshen nan na koma wurin. Na isa tun gari bai gama wayewa ba, na dafa wayar a kan kututture, na juya ta sama da sarƙaƙiyar. Da hayaniyarsu ta fara ƙaruwa na kunna bidiyo, ko ɗaya bai tashi ba tukuna. Minti huɗu na farko ba komai. A na biyar garken ya ɗaga, ya yi kudu, kuma a cikin hoton ana ganin bishiyar da ya fito da hanyar da ya bi.