Kin Taɓa Leƙa Rijiyar Kusugu?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata 'yar kunya ce da na sha a aji, na ga kuwa idan na yi shiru ban kyauta mana ba.

Ran nan ina koya wa 'yan aji shida labarin Hausa Bakwai, sai na ce duk wadda ta taɓa zuwa rijiyar Kusugu ta ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su kai biyar ba, alhali kuwa duk yaran nan a Daura aka yanke musu cibiya, waɗansu ma tsakanin gidajensu da rijiyar bai wuce a aiki yaro ya dawo kafin tukunya ta tafasa ba. Da na ce to wa ya hana ku, sai wata mai bakin tsiya ta ce, "Malama, ai Innarmu ma ba ta taɓa zuwa ba." Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ni kaina ban taɓa taka wurin ba sai da wata abokiyar karatuna ta zo mini hutu daga Zariya, ta matsa lallai sai na kai ta. Na ja bakina na yi shiru.

A ƙasar Girka akwai wani babban birni ana ce da shi Salonika, wanda ya ci sunan mace, watau 'yar'uwar Iskandari, sarkin nan da ya ci ƙasashe har Indiya. Mutane suna biyan kuɗin jirgin sama daga ko'ina su je su ga tsohuwar ganuwarsa da farar hasumiyarsa ta bakin teku. To mu ma garinmu sunan mace ya ci, kuma namu abin kallon a ƙafa ake zuwa.

Bisa abin da aka gada a Girgam, watau littafin jerin sarakunan Daura, mata ne suka fara mulkin ƙasar nan, ɗaya bayan ɗaya, ana kiran kowacce Magajiya. Ta farkonsu Kufuru. Zamansu na farko a Tsohon Birni ne, 'yan kilomitoci kaɗan daga nan, kuma an ce Magajiya Daurama ce ta taso da gari zuwa inda yake yanzu, shi ya sa ya ci sunanta. Har yau ba a bar sarautar Magajiya a gidan sarautar Daura ba.

Labarin Bayajidda kuwa kowa ya san kansa. Baƙo ne da aka ce ya fito daga Bagadaza, ya zauna Borno, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare. Amma ni inda nake so ku tsaya ku duba shi ne gidan da ya sauka. Gidan wata tsohuwa ne mai suna Ayana. Da ya roƙi ruwa, ita ce ta gaya masa ai ba a ɗiban ruwa a garin nan sai ran Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiya, wanda ake kira Sarki. Ita ce ta ara masa guga. Da gari ya waye aka ga maciji ba kai, Sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe shi, maza suka yi ta fitowa kowa yana cewa shi ne, ita ce dai tsohuwar nan ta je fada ta ce baƙonta ya shayar da dokinsa daren jiya. Aka kira shi, ya fito da kan maciji, ya ce shi ba rabin gari yake so ba, aure yake so. Daga auren nan aka haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida suka yi sarautar Daura da Katsina da Zazzau da Gobir da Kano da Rano, Biram ta cika bakwai. Yanzu ku tambayi yaro wa ya kashe maciji, zai faɗa kafin ku rufe baki. Ku tambaye shi gugan wa aka ara, sai ya tsaya yana susar ƙeya.

'Yan makaranta, ku sani malaman jami'a, irin su marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, ba su yarda cewa daga Bayajidda Hausawa suka faro ba. Ni ma da na zauna na yi tunani sai na ga labarin da kansa ya ba su gaskiya, domin kuwa baƙon nan ya tarad da gari da mutanensa da sarauniyarsa da rijiyarsa. Wanda ya zo ya iske tuwo a kwano ai ba shi ya tuƙa ba.

Rijiyar dai tana nan cikin gari, an gina mata ɗaki an kewaye ta, akwai masu kula da ita da za su ba ku labari su kuma ja muku ruwa ku sha. Mutanen gari suna cewa ba ta taɓa ƙafewa ba. Waɗansu baƙi har da galan suke zuwa su tafi da ruwan tsaraba. Ni dai na sha, na ji shi ruwa ne mai sanyi kamar na kowace rijiya mai zurfi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da na leƙa na tuna mata irinmu da suke jiran Juma'a da tuluna, ga girki ga wanki ga yara, kwana shida ana tattalin ruwa. Duk wadda famfon unguwarsu ya taɓa ɗaukewa ta san abin da nake nufi.

Daga nan sai fadar Sarki, inda ake ajiye da takobin da aka ce na Bayajidda ne. Gidan nan ya ga sauyi. A 1805, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure. Sai a 1904 Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango kan gadon kakanninsa. Bayansa aka yi Sarki Abdurrahman, sa'an nan Alhaji Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, shekarar da aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar. Wadda take son ganin fada da adonta ta bari sai Sallar Gani, cikin watan Mauludi, lokacin da ake hawa gari ya cika da baƙi.

Na san wata za ta ce, ke Malama kina fita aiki kullum, mu fa da ke cikin gida? Gaskiya ne. Amma yadda kike neman izinin maigida ki je biki ko barka, haka za ki nema a kan wannan, ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki ce yara kike so ki kai. In ya ce shi zai kai ku, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ku haɗu ku uku ko huɗu na gida ɗaya, ku tafi da hantsi kafin rana ta yi zafi, ku riƙe 'yan kuɗin da za ku ba masu kula da wurin, ku kuma riƙe hannun ƙananan yara sosai a bakin rijiya. Na Katsina tafiyar kimanin kilomita 80 ce, ana zuwa a koma a yini ɗaya.

'Yan ajina dai na rubuta wa iyayensu takarda, wadda aka bari za mu tafi tare ran Alhamis in Allah ya kai mu. Yarinyar nan mai bakin tsiya kuwa na ce ta gaya wa Innarsu akwai wurinta a cikinmu.