Daga Hunturu Zuwa Bazara: Yadda Falo Ke Sauya Riga a Lafiya

A ƙarshen watan Fabrairu, ma'aikacin da ya baro Abuja da yammacin Juma'a, ya bi ta Keffi da Akwanga ya sauka Lafiya wajen iyali, yakan tarar falonsa ya canza hali. Kafet ɗin da ya yi rana a watan Disamba, lokacin da sanyin asuba ke sa yara naɗe ƙafa a kan kujera, yanzu ƙura yake tayarwa in an taka shi. Labule sun yi ja, iska ta tsaya cik, baƙon da ya zo gaisuwa kuwa kafin ya shanye ruwan da aka kawo masa ya fara neman a koma gindin mangwaro.

Lafiya, wadda ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana kwance ne a yankin kwarin Binuwai, ba ta da tudun da ke sanyaya Jos. A watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35, sannan damina takan riga ta Kano da Katsina sauka. Ke nan tsakanin ƙurar hunturu da laimar damina makonni kaɗan ne maigida da uwargida ke da su. Wanda ya yi sake har laima ta tarar da ƙura a cikin kushin da kafet, zai kwashe watanni yana fama da fumfuna da warin ɗaki.

Da can mai hali yakan ce a kunna na'urar sanyaya ɗaki a wuce wajen. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da janareto don a sanyaya falo ya zama abin da ake yi wa lissafi, musamman ga mai riƙe da gida biyu da albashi ɗaya. Shi ya sa dabarun da ba su cin kuɗi suka sake yin daraja.

Aikin farko shi ne raba ɗaki da ƙura, kuma daga sama ake farawa: silin, fuka-fukan fanka, saman kabad, sannan tagogi, ƙasa ce ta ƙarshe. Tsumma mai ɗan laima ya fi tsintsiya amfani, domin tsintsiya tayar da ƙurar take yi ta sake sauka. A fitar da kafet a kakkaɓe, a shanya shi ya sha rana sosai, a naɗe a ajiye a wuri busasshe. Siminti ko tayil ya fi sanyi a tafin ƙafa. Don kada falon ya zama tamkar ofis, sai a shimfiɗa tabarmar kaba ko ƙaramar darduma a tsakiya, a jefa tum-tum biyu ko uku na fata a gefe. Dattijon da bai son kujera ya samu wurin zama, yara ma sun samu wurin cin abinci.

Sai labule. Masu kauri a wanke su a adana, a rataya na auduga mara nauyi mai launin fari ko ruwan ƙasa mai haske. Tagar da ke fuskantar yamma ce kaɗai ta cancanci a bar mata mai kauri, a sauke shi daga azahar har rana ta faɗi. Da asuba da bayan magariba a buɗe tagogin da ke kallon juna don iska ta ratsa, a kuma janye duk kujera ko kabad da ya tare mata hanya. Wannan ya wuce batun jin daɗi: lokacin zafi da ƙura ne sanƙarau ya fi yaɗuwa a Arewa, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga na daga cikin abubuwan da jami'an lafiya ke gargaɗi a kai.

Ƙwan fitila ma yana da nasa laifin. Tsohon ƙwai mai waya a ciki yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ja zuwa zafi. Na zamani mai tsimin wuta bai da wannan matsala, kuma idan aka zaɓi mai haske ruwan ɗorawa-ɗorawa maimakon fari fat, falon yakan yi daɗin zama da dare.

Da tsohuwar zuma ake magani. Randa a kusurwar da iska ke bugawa tana sanyaya ruwa ko babu wuta, saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana tafiya da zafi yayin da yake bushewa. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Garin da Barebari suka kafa kuwa ba sai an koya masa turaren wuta ba. Abin lura kawai shi ne a turara ɗaki tagogi na buɗe, a fitar da kaskon da zarar ƙamshi ya kama, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana iya kisa.

Kafin hadarin farko ya haɗo, a sa kafinta ya duba kwanon rufi, a ɗinke ragar taga da ta yage kafin sauro ya yawaita, a ɗan matsar da kujerun katako daga jikin bango saboda laima da gara.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai ma'aikacin da kwana biyu kacal yake samu a mako tare da iyalinsa ya san cewa idan falo ya yi zafi, kowa watsewa yake yi: yara su fice waje, uwargida ta koma tsakar gida, shi kuma ya rage da wayarsa a hannu. Gyaran Asabar guda, da guga da tsumma da sabuwar tabarma daga kasuwa, ya isa ya dawo da su wuri ɗaya kafin motar asubar Litinin.