Inji Biyu, Tanki Ɗaya: Inda Aljabara Ke Kayar Da Ɗalibai

Wani injin ban ruwa yana cika tanki cikin awa 3, wani tsoho kuma sai ya yi awa 6. Idan aka kunna su tare, awa nawa za a ɗauka? Jefa wannan tambaya a ajin sakandare, za ka ji wasu sun ce 9, wasu 4 da rabi. Ba sai an ɗauki biro ba kafin a gane duk sun kauce: ta yaya inji biyu za su fi sabon shi kaɗai daɗewa?

Matsalar ba ta tarawa ba ce, ta sanin abin da za a tara ce. Ba awanni ake haɗawa ba, aikin da kowane inji ke yi cikin awa guda ake haɗawa. Na farko yana zuba sulusin tanki, na biyu sudusi. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san sulusi da sudusi rabi ke nan. Rabin tanki kowace awa, amsa awa 2. A takarda, sai a kira lokacin da ake nema x, a rubuta x/3 + x/6 = 1. A ninka ko'ina da 6, ya zama 2x + x = 6, wato x = 2.

Ambaton gado a nan ba kame-kame ba ne. Littafin da Muhammad bin Musa Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, wanda ake ɗauka tushen wannan fanni, babban kasonsa matsalolin gado da wasiyya ne. Babu x ko y a ciki, da kalmomi ya warware komai. Sai a 1145 aka juya shi zuwa Latin. Ƙa'idar kuwa tana nan yadda take: lissafin kamar sikeli ne, abin da ka ɗora ko ka cire a dama, dole ka yi shi a hagu.

Ga wata tambaya da masu shirya jarrabawa ba sa gajiya da ita. Tirela ta tashi tana kilomita 40 a awa. Bayan awa guda bas ta bi ta da gudun 60. Yaushe za ta cim mata? Abin lura ɗaya ne: a daidai inda suka haɗu, nisan da suka ci iri ɗaya ne. Idan bas ta yi awa t, tirela ta yi t + 1. Saboda haka 60t = 40(t + 1). Buɗe baka, cire 40t daga kowane gefe, saura 20t = 40. Awa 2. A gwada a gani: bas ta ci kilomita 120, tirela ma cikin awa 3 ta ci 120. Wannan gwajin bai kai minti guda ba, amma ɗalibai kaɗan ne ke yin sa, kuma ina ganin da laifin malaman da ke koyar da "tsallakar da lamba ta canja alama" ba tare da faɗin dalili ba. Yaro ya haddace tsallakarwa, ran da aka sauya wa tambaya riga sai ya tsaya cak.

Tarkon da ke kama har manya shi ne matsakaicin gudu. Direba ya je wani gari mai nisan kilomita 120 da gudun 60, ya dawo da lodi yana 40. Kusan kowa zai ce matsakaici 50 ne. A'a. Zuwa awa 2, dawowa awa 3: kilomita 240 cikin awa 5, wato 48. Ya fi daɗewa a kan hanya yana tafiyar hawainiya, shi ya sa lambar ta karkata wajen 40. Ko nisan ya zama kilomita 12 ko 600, amsar 48 ce.