Me Ke Kawo Tsufa? Darasi Daga Gonakin Tsanyawa

A ƙasar Tsanyawa, kan hanyar Kano zuwa Katsina, gona na manne da gona, kuma ba abin mamaki ba ne a ga dattijo mai furfura duƙe da fartanya a cikin gero. Wanda aka haifa a shekarar 1963, lokacin da Ado Bayero ya hau gadon sarautar Kano, yanzu ya haura sittin. Me ya sa wani tsaransa ke huɗa, wani kuwa na kwance?

Jikin ɗan Adam gini ne na ƙwayoyin halitta, waɗanda ke rabuwa domin maye gurbin waɗanda suka mutu. A 1961, Leonard Hayflick na ƙasar Amurka ya gano cewa ƙwayar da aka rena a ɗakin bincike takan rabu kimanin sau 50, sa'an nan ta tsaya. Daga bisani aka fahimci dalili. A ƙarshen kowane zaren gado akwai wani murfi da ake kira telomiya, tamkar ƙullin bakin igiya, wanda ke gajercewa duk sa'ad da ƙwaya ta rabu. Bincike kan wannan murfi ne ya jawo wa Elizabeth Blackburn da abokan aikinta biyu lambar yabo ta Nobel a 2009. Idan gajiyayyun ƙwayoyi suka yi yawa, sai gyaran jiki ya ragu: tsoka ta saki, ƙashi ya yi rauni, jijiyoyin jini su sandare.

Sai dai tsufa daban, cuta daban. Jeanne Calment ta Faransa ta rasu a 1997 tana da shekaru 122. Abin da ke kwantar da dattawa da dama shi ne ciwon da ya daɗe yana cin su a ɓoye. Hawan jini, wato awon da ya kai 140/90 ko ya zarce, yakan yi shekaru ba tare da alama ba, har ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Haka ma ciwon sukari. Yanar ido kuwa, wadda binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makanta a Nijeriya, ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibitocin Kano.

Manomin Tsanyawa na da jari mai kyau: aikin gona motsa jiki ne, gero da dawa da wake kuma abinci ne nagari. Barazanar tana cikin tukunyar miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Saboda haka, ɗalibin da ya raka kakarsa asibiti aka gwada jininta, ya kuma riƙa tuna mata shan magani kullum, ya yi aiki da iliminsa. Shi ma kada ya sake, domin jijiyoyin jini tun ƙuruciya suke fara lalacewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.