Dattijo ya kira, saurayi ya ɗauki diga: gayya a kudancin Jigawa

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, ƙananan hukumominta 27 gaba ɗaya. Waɗanda suka bi lamarin tun daga tushe sun san Birnin Kudu da Buji ne suka share hanya, domin suna cikin ƙananan hukumomin farko a duk ƙasar da suka samu wannan shaida, shekaru kafin sauran su biyo baya. Takarda ta tafi Dutse, an yi jawabai, an tafa. Aikin kuwa a ƙofar gidan mai unguwa aka yi shi, a mazaɓu irin su Unguwar Ya da Kiyako da Sundimina.

Dabarar da aka bi daga Bangladesh ta samo asali, wajen shekarar 2000, a hannun wani masani mai suna Kamal Kar. Ba a raba siminti, ba a raba kuɗi. Ana tara mutanen gari ne a zana taswirar garin a ƙasa, kowa ya nuna gidansa, sannan ya nuna inda mutanen gidan ke kewayawa. Daga nan a taka zuwa bayan gari, a ga abin da ido, a ga ƙudan da ke tashi daga can ya sauka a kan kwanon tuwo. UNICEF da hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha ne suka kawo tsarin, aka kafa kwamitocin tsafta gari-gari.

To amma wa zai dubi magidanci mai mata biyu ya ce masa gidanka babu masai? Yaro ɗan shekara 20 in ya faɗa, ya yi rashin kunya, ƙila har a kai ƙararsa wurin ubansa. Wannan magana sai mai unguwa, ko liman a huɗubar Juma'a, ko tsohon da ya goyi uban mai gidan. Shi kuma dattijon da maganarsa ke shiga, ba zai iya shiga rami ya haƙa gaba biyu ba. Samari ne ke ɗaukar diga da shebur. Gidan tsohuwar da ba ta da mai yi mata, sai a yi mata gayya: a haƙa, a jera itace a rufe, a yaɓe, a kafa zana, a ajiye buta da toka a bakin ƙofa. Kafin la'asar an gama.

Ba sabon abu aka koya wa mutanen ba. Tun kaka da kakanni akwai sarkin noma da sarkin samari, akwai ganga da ake bugawa a bayan masu huɗa, akwai fura da goro da albarkar da ake sa wa wanda ya fi kowa cin kunya. Da gayya ake noman gonar surukai, da ita ake yaɓen masallaci da yasar rijiya da gyaran maƙabarta. Abin da ya rage mata ƙarfi sananne ne: ƙwadago ya koma na kuɗi, samari na tafiya cin rani Kano da Abuja da Legas, 'yan siyasa kuma sun saba wa matasa da cewa duk inda aka tara su akwai ɗan abin da za a miƙa. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum sama da dubu 300, Gwaram sama da dubu 270, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Ƙarfi dai ga shi nan.

Sai dai gayyar da, da wuya ta ɗore a yau in ba a gyara mata zama ba. A taron ƙofar fada manya ne a kan tabarma, samari na tsaye daga baya, an gama yanke shawara kafin a ce su kawo kayan aiki. Saurayin da ya gama sakandare, yake riƙe da wayar da ta fi rediyon ubansa labari, ba ya jure wannan. Zai zo sau ɗaya don kunya, na biyu ya ce yana da uzuri.

Ruwa ne ya fi nuna cewa kowane ɓangare na riƙe da rabin ilimi. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a maganar ambaliya haka ne: tsoho ya san tsohuwar hanyar ruwa da aka cike aka yi gini a kanta, ya san fadamar da ke shanye ruwa in an bar ta, ya san iyakar burtali kafin gonaki su cinye shi. Yaron kuma shi ke ganin hasashen damina na hukumar NiMet, shi ke iya aika saƙo ta WhatsApp zuwa ƙauyen da ke ƙasa cewa kogi ya kawo. A watan Agustan 2021 mutum 21 suka rasu a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, lokacin da suka faɗa gadar da ruwa ya karya. Ambaliyar 2022 ta zo ta ci gonaki da gidaje a faɗin jihar. Gada dai aikin gwamnati ce, gayya ba ta gina ta. Amma yashe magudana kafin ruwan fari, da tsayawa a hanya a tare matafiya in ruwa ya yi ɓarna, da rubuta koke zuwa ƙaramar hukuma wanda saurayi zai tsara dagaci ya sa hannu, duk suna hannun gari.

Jarrabawa mafi wuya ita ce ta itatuwa. Kudancin Jigawa ya fi Maigatari da Birniwa duhun itace, shi ya sa gatari ya fi yawa a nan. Mai bin titin da ya ratsa Birnin Kudu ba zai rasa ganin ɗaurin itace da buhunan gawayi a gefen hanya ba. Shirye-shirye ba su yi ƙaranci ba. Jigawa na cikin jihohi 11 na Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Ana raba dashe da damina, lokacin da samari ke gida. Ana gama kaka su kama hanya, kuma a daidai lokacin ne dashen ke buƙatar ruwa da shingen ƙaya, awaki an sake su, iskar hunturu na busarwa. Wa ya rage a gari? Tsofaffi da mata da yara. Duk shirin da ya ɗauki hoton matasa ranar dashe bai zauna da waɗanda za su yi rani a gida ba, awaki ya yi wa noma.

Maƙwabta a Maradi sun bi wata hanya. Daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa duk shekara a gona ba ciyawa ba ne, kututturen itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Maimakon sassabe ƙaf, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassaƙe sauran. Suka kira shi sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Dabarar na buƙatar idon da ya san gawo daga kalgo tun yana ganye huɗu, wato idon tsoho, da hannun da zai bi gona da adda. A Dan Saga da ke yankin Agye, kwamitin gari ne ke tsaron itatuwan, da maza da mata da matasa da makiyaya a cikinsa, kuma wanda aka kama yana sara a gonar wani akwai tara.

Abin da ya sa manoman Nijar suka dage shi ne sun tabbata itacen nasu ne. A nan ma tambayar ke nan. A tsarin gandu gona ta uba ce, ɗorawa da tsamiya da kukar da ke cikinta nasa ne, saurayi gayauna kawai yake da ita, in ma an yanka masa. Ɗorawa na shan shekaru kafin ta fara ba da kalwa. Saurayin da aka ce ya rene ta a gonar da bai san ko za ta faɗo rabonsa ba, gawayin da zai sayar ranar kasuwar Sara ya fi masa kusa. Uban da ya tara 'ya'yansa a gaban mai unguwa ya ce duk itacen da ɗayanku ya raya a gonar nan, 'ya'yansa da rassansa nasa ne, ya yi abin da babu hukumar da za ta iya yi masa daga Dutse ko Abuja.